Na-Haɓa Mai Hoto

Ranar Lahadi ce a cikin watan goma, an gama yankan hatsi ana ɗaurin damma. Ƙarfe bakwai da kwata Madam Ummukulsum, malamar lissafi a kolejin Agiye, ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ta san ƙarar injin. Ɗanta ne na fari, Mudassir, mai ɗaukar hoto a Gazawa. Shekararsa ashirin da bakwai a duniya, kuma ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba.

Ya shigo da takunkumi a fuska, irin shuɗin nan na asibiti, ya durƙusa daga nesa.

"Madam, ina kwana."

"Lahiya lau. Ya hanya?"

Madam yake ce mata, kamar yadda 'yan lakol, wato ɗalibanta na makaranta, ke ce mata. Ita kuwa ba ta ɗago daga takardun jarrabawar da take gyarawa ba. Ta wutsiyar ido ta ga ya rame.

Ƙarfe takwas ƙanwarsa Safina ta kawo masa kunun gyaɗa. Sai da ya juya wa tsakar gida baya sannan ya sauke takunkumin. Tun da aka yi masa aikin tiyata leɓensa na ƙasa ya daina ji, kunu kan zubo ta gefen baki bai sani ba.

"Yaya, rigarka ma na sha," in ji Safina, tana miƙa masa tsumma.

"Ƙyale ta, ita ma ba ta karya ba."

Daga tara zuwa sha ɗaya yana kan rufin ɗaki yana wanke farantin sola, ya sauko ya ɗaure famfon da ke ɗiga tun damina. Mahaifinsa, Malam Sale, yana ƙauyensu Sae Sabuwa wajen kwasar amfanin gona, don haka duk aikin da ke jiran namiji a gidan shi ya yi shi. Sha biyu ya jingina farin zane a bango ya ɗauki Safina hoton da za a manna a takardunta na shiga jarrabawa. "Ɗaga haɓa kaɗan," ya ce mata. "To, haka." Kalmar da yake faɗa wa mutane ke nan sau hamsin a yini. Ƙarfe biyu ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ci tuwo da miya mai ruwa-ruwa, a hankali, don haƙoransa na sama da na ƙasa ba su haɗuwa daidai.

Sunan da gari ya san shi da shi Na-Haɓa ne, kuma sunan yana da asali. An haife shi Madam tana shekara ta farko a jami'a a Yamai. Da aka yaye shi sai kakarsa ta wajen uba, Indo, ta ɗauke shi zuwa Sae Sabuwa, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Yaron ya taso da muƙamuƙin ƙasa a gaba da doguwar haɓa, gadon dangin uba. Indo mace ce mai barkwanci, jika kuma abokin wasan kaka ne. "Maigidana Na-Haɓa," take ce masa, "haɓarka ta riga ka shiga ɗaki." Ya yi dariya ya rama da cewa ita ba ta da haƙora.

Duk hutu Madam kan zo ƙauyen. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ƙura masa ido. Ta yi karatun da za ta iya cewa wannan al'ada ce kawai, amma a gidan surukai ta fi kowa riƙe ta, don kada a ce boko ya cire mata kunya. Dole dai ta kira shi da wani abu idan za ta aike shi, sai ta ɗauki sunan da ta tarar a bakin tsohuwa. Wasa ne a bakin kaka. Da aka ji shi a bakin uwa sai ya zama suna. Ya bi shi lakol, ya bi shi Agiye bayan rasuwar Indo, ya bi shi Gazawa, inda ya buɗe shago kusa da tasha ya rubuta a allo da jan fenti: FOTO NA-HAƁA.

Ya iya sana'arsa. Matan ƙauye masu neman katin ɗan ƙasa, 'yan kasuwa masu tsallaka iyaka, Fulani da ke tsoron hasken kamara, duk wajensa suke zuwa, don ya san yadda zai zaunar da mutum fuskarsa ta fito da mutunci. Yakan ce kowace fuska tana da gefenta mai kyau, aikinsa shi ne ya nemo shi. Tasa ce kaɗai bai samo wa gefe ba. Ya yi ƙoƙarin tara gemu, gemun ya fito tsilli-tsilli ya tsaya. Wata rana da ba ciniki ya ɗauki kansa hoto, ya gyara haɓar a kwamfuta yadda yake gyara wa amare ƙuraje, ya zauna yana kallon mutumin da ya fito. Wannan hoton ya kai wa likita a wani asibitin kuɗi a Kano, wanda ya ga tallarsa a waya.

Bai yi shawara da kowa a gida ba. Bayan ƙaramar salla ya ce zai je sayen kayan aiki, ya yi sati uku. Ranar da ya dawo, fuska a kumbure, Madam na tsakar gida, abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da ya saba fitowa.

"Na-Haɓa, mi ya same ka?"

"An cire ta, Madam," ya ce, magana na fita da ƙyar. "Sai ki nemo wani suna."

Ba ta nemo ba. Daga ranar ta daina kiransa da komai, sai dai "kai".

Kumburi ya saɓe, fuskar ta bayyana. Haɓar ta gajarce, amma ba ta zama ta hoton kwamfuta ba. 'Yan tasha suka sake masa suna, Na-Haɓa Ba Haɓa. Ya shafe allon shago da farin fenti ya rubuta FOTO MUDASSIR, ba wanda ya kula. Ya sayi kwalin takunkumi. Likitan ya ce ya ba abin wata shida, idan bai gamsu ba ya dawo a yi ɗan gyara. Wata shidan ne suka cika a wannan makon.

Ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, Madam na zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, saura takardu goma sha biyu ta gama. Safina na tsintar shinkafa a gefe. Ya zo ya zauna kusa da ita, kusancin da bai taɓa yi ba, ya cire takunkumin ya ajiye a gwiwa.

"Madam, jibi zan koma Kano. Sufyanu abokina zai raka ni."

"Babanka ya sani?"

"Ya ce in tambaye ki." Ya naɗe takunkumin da ke gwiwarsa. "Safina ta ce ta yi daidai, Sufyanu ma haka, amma su tausayina suke ji. Ke ba ki ƙara wa kowa maki ko rabi. Ki dube ni. In kin ce ta yi, na fasa."

Ta dube shi. Rabon da ta kalli fuskarsa haka kai tsaye tun yana goyo. Ta ga idanun mahaifinta, ta ga tabon da ya samu a goshi sanda ya faɗo daga amalanken jaki yana ɗan shekara shida. Ta kuma ga abin da ya ce ta duba, don idonta ya saba da layi da kusurwa.

"Ta ɗan karkata hagu," ta ce. "Kaɗan."

Maganar tana da ci gaba, kuma ci gaban yana bakinta: amma ta yi, ka bar ta haka, ko ta da ma ba ta da laifi. Sai dai wannan yabo ne, ga Safina ta tsaya da tsintar tana saurare, ga shekara ashirin da bakwai na sabo. Ta mayar da ido kan takarda.

"Na gode," ya ce. "Na san ke za ki faɗa mini gaskiya." Ya mayar da takunkumin.

Ƙarfe biyar da minti goma ya tada babur. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, daga inda take zaune.

Ranar Alhamis kafin azahar, tana cikin aji, darakta ya aiko a kira ta buro, wato ofishinsa. Sufyanu ne a waya. An shiga da ɗanta tiyata da safe, bai farfaɗo daga allurar barci ba. Malam Sale da ƙannensa suka tsallaka iyaka zuwa Kano, a can aka yi masa sutura. Ita ba ta ga fuskarsa ba.

A zaman makoki ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna shigowa suna fita suna yaba ta. "Madam akwai dauriya," suke cewa. "Ɗan fari ne, ga kunya har yau." Tana amsawa da "Allah ya ba da lada." Mutane sun ɗora laifi a kan asibitin, wasu a kan waya da abin da take nuna wa matasa, limami ya ce kwana ne ya ƙare, kuma ta yarda da haka. Amma ita mai lissafi ce. Ta san sharaɗin da ya gindaya mata, ta san amsar da ta bayar. Ta faɗa wa Malam Sale sau ɗaya. Ya ce ai gaskiya ta faɗa. Ta ce rabinta ta faɗa. Ba su sake tada zancen ba.

Bayan sadakar arba'in suka je Gazawa kwashe shago, ita da Safina, aka kira mai amalanke. Kamara da fitilun aiki aka bar wa Sufyanu, tun da a hannun marigayin ya koyi sana'ar. Babur ya tafi Sae Sabuwa wajen ƙanin Malam Sale. Tufafi aka raba wa dangi, in ban da rigar da kunu ya ɓata, wadda Safina ta ɓoye. Sauran takunkumin da ke cikin kwali, ashirin da uku, aka kai asibitin gari. Akwai hotunan mutane da ba su zo karɓa ba, cike da leda biyu. Madam ta jera su bisa ƙauyuka ta rubuta sunan kowane gari a baya, ta ce Sufyanu ya ajiye ko masu su za su zo. A cikin kwamfuta Safina ta samo hoton nan da ya gyara, da na asalin a gefensa. Madam ta ce a wanko mata na asalin, ɗayan a goge.

Allon shago ne ya rage. Da aka sauke shi, rana ta haske farin fentin, jajayen haruffan da ke ƙasa suna nan ana iya karanta su. Mai amalanken baƙo ne a garin, ya ɗaga allon yana juya shi.

"Hajiya, wannan fa? Na mai shagon ne ko na maƙwabta?"

Safina ta buɗe baki za ta amsa, kamar yadda ta saba amsawa a madadin uwarta.

"Na Mudassir ne," in ji Madam. "Ɗana. Sa shi a sama, kada ya karce."

Allon yana ɗakinta a Agiye, jingine da bango kusa da teburin da take gyaran takardu.