Jitar Uwaisu Ba Ta Tsallake Zana

Uwaisu ɗan Malam Abdulmuttalib hannunsa na noma ne, kunnensa na makaɗi, kuma kunnen ne ya wahalar da shi. A birnin Madani na Sudan ya koyi jita, yana bin masu kiɗan biki. Da yaƙi ya watsa garin sai ya dawo ƙauyensu kusa da Abu Na'ama, ba katifa, ba tukunya, sai matarsa Ibtisam, da jita a baya, da wata baƙar na'ura a hammata kamar wanda ya ceto jinjiri.

Na'urar nan a ƙasa ake ajiye ta, a taka da ƙafa. A cikinta akwai muryoyin manyan lasifikoki iri-iri, mutum ya murɗa ya zaɓar wa jitarsa, ya ƙara kauri, ya rage kaifi, ya sa amsa-kuwwa. Sai dai ba ta motsi sai da wuta, wutar sola kuwa a gidan Malam take. Malam bai hana ba, cewa kawai ya yi gidan da ake karatu ba a jin kiɗa ta zana.

Don haka Uwaisu ya toshe kunnuwa da sama'a, wato 'yan abin saurare. Kullum ya dawo daga gonar riɗi zai zauna yana murɗe-murɗe, yana lumshe ido, yana gyaɗa kai, mu da ke gefe ba ma jin komai sai ƙas-ƙas na waya, kamar ɓera a buhu. Ibtisam takan ce mijinta ya fi kowa iya kiɗa a garin kurame. Shi kuwa a cikin kansa ya gina murya mai kauri da zaƙi, irin wadda yake ganin za ta fid da shi daga gona.

Sai ga Kamal, mai ƙungiyar kiɗa a Sinja, ya zo biki da yamma, mai jitarsa ya tsere Habasha. Ya ce Uwaisu ya taɓa a ji, in ya yi, su tafi tare. Aka jona na'urar a babbar lasifika, a fili, mata na dukan daluka, gangar nan tasu ta yumɓu. Muryar da ta yi daɗi a kunnen mutum ɗaya, da ta fito sarari sai ta zama gunjin bijimi a rijiya. Kaurin ya yi yawa, amsa-kuwwar ta jagwalgwala komai, daluka ta haɗiye saura. Uwaisu ya durƙusa yana murɗa wannan, yana danna wancan, amarya tana tsaye a tsakiyar rawa da ƙugu a karkace tana jira. Waƙar ta ƙare bai ɗago ba.

Kamal ya dafa kafaɗarsa. "Hannunka lafiya lau, ya zol, mutumina. Amma wannan abin a fili ake gyara shi, da ƙarfi. Ka gyara, ka neme ni."

Da ƙarfi a ina? Gona akwai fili, ba wuta. Gida akwai wuta, akwai Malam. Ya je ya tsuguna gaban Malam ya roƙi a bar shi ya saki sauti rabin yini kawai. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko riɗin ya isa yanka.

Riɗin ya isa. Yana can yana yanka, in ya dawo ya mayar da sama'arsa kunne, yana rage kauri da ƙiyasi, yana tambayar Ibtisam ko tana ganin ya yi.