Ranar da Na Kai Dutsen Niƙa Jami'a

Abin ya faru shekara biyu bayan annobar da ta sa aka rufe masallatai, a watan da aka yi mini aikin idon hagu. Maigidana yana da shekara huɗu a ƙasa lokacin. Ni ban taɓa zama a lekkol ba, wato makarantar boko. Jikata ce ke rubuta wannan ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Ita jikar tawa malama ce a jami'a. Ta sa wa ranta sai ta naɗi waƙoƙin niƙa na tsofaffin matanmu, waɗanda suka taso daga Damagaram da Maradi da Agadas suka tsufa nan Tamanrasset. Tun da inji ya shigo unguwa babu mai durƙusawa gaban dutse, waƙar niƙa kuwa ba ta fitowa sai hannu na aiki. Mu bakwai muka rage. Babbarmu, wadda muke ce wa Yaya, tana garin In Amguel wurin ɗanta, tari ya kwantar da ita. Abin da ke kanta ya fi na mu shida a haɗe.

Aikin yana son na'urar ɗaukar murya da motar zuwa, don haka yarinyar ta nemi tallafi wurin kwamitin bincike. Sau ɗaya suke zama a shekara. Wata biyu ta yi tana cika takardu, sai a shafin ƙarshe ta tarar ana son sunan kowace mace, da hoton katinta, da sa hannunta. A cikinmu ni kaɗai ce mai katin izinin zama a ƙasar nan.

Magana ta riga ni isa gidan suna a unguwar Tahaggart. Ina zama wata 'yar Maradi, ɗaya cikin mu bakwai ɗin, ta ce, "Hajiya, an ce jikarki na tara sunaye. Wa za ta kai wa?"

Na ce, "Jami'a."

"To daga jami'a zuwa jandarma taku nawa ne?"

Babu wadda ta yi dariya. Kowaccensu ta san wani nata da aka loda a mota aka sauke a kan iyaka. Da aka kawo abinci, matan da muka shekara arba'in muna cin kwano ɗaya suka ja nasu gefe.

Ranar Laraba jikata ta zo, idanu jawur. Ta ce, "Kaka, gobe za su zauna. Ko in rubuta sunayen ƙarya, ko in bari sai baɗi."

Na ce, "Yaya ba ta da baɗi. Ƙarya kuwa, ba a kan waƙar da na koya a bayan uwata ba. Je ki ɗaki, ki jawo mini dutsena."

"Dutse? Kaka, buro ne fa, ofis, ba tsakar gida ba."

"Ni ma ba 'yar aikinki ba ce. Ɗauko."

Da safe mai taksi ya yi ta mita wai za mu karya masa mota. Mai gadin jami'a ya leƙa buhun da dutsen ke ciki, ya dube ni, ya ba mu hanya. Muka shiga ɗakin kwamiti, mutum biyar a bayan tebur, shugabarsu mace ce mai tabarau. Ta yi magana da Larabci, na tsinci rabi, jikata ta cike mini. Wai dokar sunaye an yi ta ne don kada a ɗauki muryar mutum ba da yardarsa ba, kuma ba za a canza ta don mutum ɗaya ba.

Na ce, "Gaya mata gaskiya ta faɗa. Amma ta ba ni wuri kaɗan a ƙasa."

Na shimfiɗa zane, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na zuba gero. Rabona da niƙa shekara ashirin, ido ɗaya kuma a ɗaure. Dutse ya ja sau uku waƙa ba ta fito ba. Na ji wani ya ture kujera. A ja na huɗu murya ta zo.

Na yi ta Damagaram, mai nauyi. Na juya ta Maradi, mai zolayar miji marowaci. Sannan na ɗauki doguwar waƙar Yaya, ta yarinyar da ke niƙa wa ayarin gishiri guzuri, yayanta na cikin masu tafiya. Ina kaiwa inda raƙuma suka tashi na saki dutse.

Wani dattijo mai rawani a ƙarshen tebur ya ce da Hausa, "Inna, ƙarasa mana." Ashe uwarsa 'yar Agadas ce.

Na ce, "Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran yana In Amguel, cikin ƙirjin mai tari. Ba za ta ba ku suna ba, ni ma ba zan bayar da nata ba. Kowace mace ta ce ta yarda da bakinta a cikin na'ura. In suna kuke so, ga nawa, ga katina."

Shugabar ba ta ko murmusa ba. Ta ce mu jira a waje. Muka zauna kan benci har aka kira azahar, jikata sai murza bakin mayafinta take, gari duk ya ɓata mini zane.

Suka yarda, amma na'ura kaɗai suka ba da, babu mota. A gaban wata babbar motar kaya muka tafi In Amguel, dutse a ƙafafunmu. Yaya ba ta iya durƙuso, sai ni na niƙa, ita tana waƙa daga kwance. Zama uku muka yi. A na uku ta ƙarasa waƙar ayarin, ta kuma yi mini faɗa wai na ɓata farkonta. Ba ta kai azumi ba ta rasu.

Cikin sauran biyar, huɗu sun yarda daga baya. 'Yar Maradin ba ta yarda ba, har yau gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Waɗanda suka rage da rai yanzu, ita ce, da wata 'yar Agadas da ta makance, da dattijon nan mai rawani, sai ni. Dutsen yana ƙarƙashin gadona.