Shekarun da Baba Ya Bar Furar Safe

Ni na raba mahaifina da furar safe, kuma ina 'yar aji uku a kwaleji na yi wannan ɗanyen aiki.

Gidanmu a Jiratawa yake. Baba noman rani yake yi a fadama, albasa da tumatir, da ɗan zogale a gefe. Aikin duƙe ne tun safe, daga buɗa wa ruwa hanya sai cire ciyawa, har kwankwasonsa da gwiwoyinsa suka fara ƙorafi. Sai ya saba da wata ƙwaya mai kashe ciwo da kumburi, irin wadda masu yawo da magani a keke suke sayarwa. Kowace safiya Inna ta dama masa fura da nono, ya jefa ƙwayarsa a baki, ya kora da ludayi uku ko huɗu, ya saɓa fartanya.

Ni kuwa ina Maraɗi wajen gwaggona ina karatu a lakkol, wato makarantar boko. Wata rana malamin kimiyya ya ce akwai magungunan da ba a haɗa su da madara, don tana rage musu ƙarfi. Akwai ya ce, bai ce duka ba. Kunnena ya ɗauki rabi ya bar rabi a aji. Da na zo hutu na tarar da Baba da ƙwaya a tafin hannu, ƙwaryar fura a gabansa, sai na gyara tsayuwa.

"Baba, ɓarnar magani kake yi. Nono kashe shi yake. Haka aka koya muna a lakkol."

Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya tura ta gefe.

Inna ta ce, "Tun kahin a haihe ki ake shan hura a gidan nan."

"Ki ƙyale ni da ɗiyata," in ji Baba. "Ba don wasa na sa ta lakkol ba."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina. Dattijo mai furfura ya ajiye ludayi saboda maganata! Daga ranar ya koma shan ƙwayarsa da ruwa zalla, ciki babu komai, fura sai in rana ta take an kai masa gona.

Abin da ya fi damuna yau shi ne na manta da zancen sam. Na gama karatu, aka tura ni koyarwa garin Tsibiri, na yi aure, na haihu. Maganar da na yar a tsakar gida na wuce, shi ya ɗauka ya riƙe ta shekara da shekaru.

Ina cikin aji aka kira ni a waya cewa Baba ya faɗi a gona yana aman jini. Ban san yadda na hau babur ɗin kabu-kabu na iso likita, wato asibiti, a Maraɗi ba. Aka ce gyambon ciki ne, ya fashe. Sai da aka ƙara masa jini kafin ya dawo hayyacinsa.

Rana ta uku babban ma'aikacin jinya, wanda kowa ke kira majo, ya zo da takarda yana tambayoyi. Ƙwaya nawa a rana? Baba ya ce a da ɗaya ce, yanzu takan kai uku. Yana cin wani abu kafin ya sha? Baba ya ce a'a, ai nono kashe magani yake.

Majo ya ajiye biro. "Wane jahili ya hwaɗa maka haka?"

Ina tsaye a gefen gado da kwanon kunu a hannu. Nan take na tuna komai, har inda na tsaya a tsakar gida. Inna ta sunkuyar da kai.

Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce, "A kasuwa na ji, bakin mutane."

Majo ya yi ta faɗa. Ya ce wasu magungunan ne daban ba sa shiri da nono, wannan kuwa da abinci ko nonon ma ake so a sha ta, don ta rage cin ciki. Ya ƙara da cewa ko da furar, ƙwaya uku kullum sai ta yi ɓarna. Na kama wannan magana ta ƙarshe na riƙe gam, har yau ina neman sauƙi a cikinta, ba ta cika ba ni ba.

Da majo ya fita na buɗe baki, Baba ya riga ni. "Malama, kunun nan zai huce."

Da la'asar muka fita harabar likita ni da Inna muna wanke kwanuka a famfo. Na ce mata zan roƙe shi gafara. Ta ci gaba da cuɗa kwanon, ba ta ɗago ba.

"Kada ki tada mishi zancen, ba ya so. Ya hi shekara biyu cikin na yi mishi zahi da sahe. In na kawo hura na ce ko ludayi guda ya sha, sai ya ce a'a, ɗiyarshi ta hana."

Ta miƙo mini kwanon in ɗauraye, na riƙe shi ruwa yana ta zuba.