Ranar da Na Tarar da Kwale-kwalena a Ƙarƙashin Ruwa

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina wani lokaci sai na yi ta lalube. Amma akwai safiyar da ba za ta taɓa gogewa ba: safiyar da na tsaya a gaɓar kogin Gongola, kwale-kwalena a nutse, takalman maigidana a kan yashi, shi kuwa babu shi babu dalilinsa.

Shekarun nan ne na bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a hannun mutane. A unguwarmu ta Dawaki kowa yana sayen abin nunawa. Wannan babur, wancan rediyo mai kaset, mata kuwa jeren samira har rufin ɗaki. Ni bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Gombe, kuma na gaji da cin ragowar dillalai. Su za su zaɓe manyan tarwaɗa da ragon ruwa, ni a bar min 'yan mitsi-mitsi. Sai wani dattijon masunci da nake saro kifi a wurinsa, can wajen Dadin Kowa, ya ce in da ina da jirgina a hannunsa, duk abin da ya kamo ni za a fara yi wa tayi. Ban yi shawara da kowa ba na ce a yo min kwale-kwale.

Wayyo, na sha dariyar mutane. Maƙwabciyata ta ce, “A Gomben nan? A ina za ki tuƙa shi, a kwatar gidanku?” Na ce mata ta bari in na tashi ita zan fara ɗauka.

Daga wajen Numan aka kawo shi a motar katako, direban ya ce ba hanyar Dadin Kowa zai bi ba, ya sauke min shi a ƙofar gida ya yi gaba. Dattijon kuma ya aiko cewa in dakata sai kogi ya kawo ruwa. Haka kwale-kwalen nan ya cinye bazara guda a rana. Yaran unguwa suka mai da shi wurin wasa, kazata ta yi ƙwai a cikinsa. Ni kuwa ba ni da zance sai nasa. In ana hirar suna ko biki, sai na san yadda na yi na jawo maganar jirgi.

Malam, wato maigidana, ma'aikaci ne a wurin gurzar auduga. Mutum ne mai cika baki, Allah ya jiƙansa, ga tsoron ruwa kamar akuya. Ko kwari ne ya kawo ruwa da damina, sai ya zagaye gari kafin ya iso gida. Amma shi ya samo koren fenti ya shafe jirgin, ya ja masa jan layi a hanci, yana yi yana cewa, “Mai jirgi, ki sani ni zan fara shigarsa. Sai na kai shi tsakiyar kogi na dawo.” Na ce, “Malam, ka dai fara iya tsallake kwatarmu tukuna.”

Da ruwan damina ya sauka aka samu motar da za ta kai shi. Ƙaramar 'yarmu tana fama da kyanda a lokacin, don haka Malam ya ɗauki hutu ya raka jirgin, a kan zai dawo washegari. Washegari ta zo ta wuce, shiru. Wata ranar ma shiru, babu shi babu aike. Maganar nan tasa ta shiga tsakiyar kogi ta fara yi min yawo a kai. Na bar yarinyar a hannun surukata, na kama motar farko.

Na isa gaɓa da hantsi, ban tarar da kowa ba, masunta duk sun fita. Na duba jiragen da ke ɗaure, babu kore. Can gefe, kusa da wasu ciyayi, sai na hango wani abu yana leƙowa daga ruwa. Kore ne, da jan layi. Hancin jirgina ne kawai a waje, sauran duk ruwa ya rufe. Ina sunkuyar da kai kuma sai ga takalman Malam, baƙaƙen nan na roba da ya ɗinke igiyar ɗaya da zare, an jera su tsaf suna fuskantar kogi.

Jama'a, sai na ɗora hannu a ka. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya cika alkawarinsa, ya shiga, jirgin ya tafi da shi. Ni na jawo jirgi cikin gidan da babu wanda ya iya ruwa. Na tuna yarinyar da na bari kwance, na tuna tsohuwarsa da ta ce in gaishe shi. Wallahi ko sau ɗaya jirgin bai zo min a rai ba. Ban san lokacin da na yar da gyale na faɗa ruwa ina salati ina kiran “Malam! Malam!” ba, ni da ban fi shi iya iyo ba.

Ruwa ya kawo min ƙugu sai na ji an damƙe min zane ta baya. Wata tsohuwa ce, matar dattijon nan ashe, hannunta duk tokar banda.

“Ke 'yata, lafiyarki? Ina za ki?”

“Inna, mijina! Jirgin ya nutse da mijina!”

Ta dube ni, ta dubi jirgin, ta ce, “Ke ce mai shi? To tsaya, kwantar da hankalinki. Leƙa cikinsa ki gani.”

Na leƙa. Ruwan bai da zurfi a wurin, ina iya ganin cikin jirgin. Duwatsu ne manya a jere, daga gaba har baya, an shirya su da hannu.

“Mu muka nutsar da shi,” in ji ta. “Kin bar shi ya sha rana har katakon ya buɗe baki, yatsa yana shiga tsakani. Da an ɗora mutum a haka, ai da yanzu kukan gaske kike yi. Sai ya kwana biyu a ruwa itacen ya sha ya kumbura, ya matse kansa, sannan a toshe sauran da auduga da kwalta. Kowane sabon jirgi haka ake masa.”

“To mijina fa, Inna? Ga takalmansa!”

Sai ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ja hannuna muka haura bayan rumfar banda. Ga Malam nan a gindin tsamiya, a kishingiɗe kan tabarma, ƙafa ɗaya naɗe da tsumma, gabansa kwano cike da ƙayar kifi. Ashe wajen ɗauko duwatsun ne ɗaya ya suɓuce ya faɗa masa a babban yatsa, ƙafar ta kumbura takalmi ya ƙi shiga. Ya ba wani direba saƙo ya kawo min, motar ta lalace a hanya.

Ya ɗago ya gan ni jiƙe sharkaf, ya ce, “A'a, mai jirgi! Iyo kika zo koya?”

Na zube a gabansa. Kuka nake, dariya nake, ina dukan kafaɗarsa da hannu biyu, ina ta alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Da ya gane abin da na zata sai ya ce a hankali, “Haba, ke kuwa. Kin taɓa ganin na cika irin wannan alkawarin?”

Washegari aka kwashe duwatsun, aka ɗebe ruwan da ƙwarya, aka toshe 'yan kafofin da suka rage. Jirgi ya hau ruwa tsaf, ko ɗigo babu. Ni na fara shiga. Malam yana gaɓa da sanda yana ɗaga min hannu, wai ƙafa ce ta hana shi. Har ya koma ga Allah ƙafar nan ba ta warke ba in dai maganar shiga jirgi ce.

Na yi jirage bayan wannan, na ci arzikinsu, duk sun ruɓe sun tafi. Abin da ranar ta koya min shi ne in tambayi masu sana'a kafin in ɗora hannu a ka. Ta kuma nuna min abin da na kusa mantawa: bazara guda na yi ina shafa katako ina alfahari, ban ko ce sannu ga wanda ya shafa masa fenti ba. Sai da na ga takalmansa babu ƙafa a ciki na san mene ne dukiyata. Yau ma ina ganinsu haka, a bayan ƙofar ɗakina, amma wannan karon babu tsohuwar da za ta ja hannuna zuwa gindin tsamiya. Duk da haka ina gode wa Allah, domin shekarun da ya ƙara mana bayan wannan safiyar ban yi wasa da ko ɗaya ba.