Tabonsa da Nawa

A asibiti muka san juna, gadonsa kusa da nawa, a farkon shekarun saba'in. Ni ina aiki a kamfanin fata a Sharaɗa, shi kuma a wata masaƙa a Bompai. Kowannenmu an cire masa ƙari a cinya, kuma likita ɗaya ne ya yi mana aikin. Ya ce irin wannan ƙarin na cikin tsoka ba a cika ganinsa ba, sai ga mutum biyu a jere. Muka warke, muka zama aminai, har ni na yi masa babban aboki da zai yi aure.

Shekara goma sha wani abu ta wuce, na manta da zancen. Wata safiya ina tuƙa keke zuwa aiki na ji wando ya matse ni a gefe guda. Na shafa, sai ga wani abu kamar ƙwan zabo a gindin tsohon tabon.

Likitan da na samu a wannan karon ya ce, "Malam, irinsa yakan kwanta shekaru, sannan ya farka."

Aiki na biyu ya tafi da tsoka mai yawa. Na fito da sanda. Tsayuwa a gaban inji ta gagare ni, aka mai da ni bakin ƙofa, ina kan benci ina ɗaga wa manyan motoci ƙarfen tare hanya.

Aminina bai yar da ni ba. Duk ranar komawa asibiti zai zo da Vespa ɗinsa ya ɗauke ni. Sai dai da ƙafar da aka yi wa aikin yake buga ta ta tashi, bugu ɗaya. Nakan kau da kai. Yana tuƙi yana ba ni labarin an ba shi foman, ni kuwa ina baya ina kallon yadda cinyarsa ta cika wando.

Maiɗakina ta ce, "Ka tambaye shi mana, ko wani magani ya sha."

Na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi mutumina, ko sassaƙe ban jiƙa ba." Da ma ya ce ya sha wani abu, da na sami abin zargi.

Ran nan likita ya ji labarinmu, ya ce aminina ma ya hau gado a duba shi. Ina zaune ina kallo. Ban roƙa masa ciwo ba, Allah shaida ne, amma na gaji da zama ni kaɗai. Likita ya mammatsa tabon, ya ce lafiya ƙalau. Na ce alhamdu lillahi, bakina da ɗaci.

Nasa bai taɓa dawowa ba. Nawa ya sake leƙowa sau ɗaya, ƙarami, aka cire, ƙafar dai ta tsira.

Shekarar da ya sauke farali na je yi masa barka da dawowa. Ya miƙe a tsakiyar zaure yana nuna wa baƙi yadda ya yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa, ana ta dariya. Da zan tafi ya riƙo hannuna, ya ba ni zamzam a 'yar kwalba.

"Na yi maka addu'a sosai," in ji shi.

Na san gaskiya ya faɗa. Da na isa gida na sha rabi, na shafa sauran a cinya.