Taubashiyar da Na Rufe wa Baki

Ni mace ce da ba a ganin haƙoranta a banza. Lokacin da abin nan ya faru ina zaune a Gyadi-Gyadi, ina suyar waina a ƙofar gida, na haura arba'in, yara duk sun tasa. Masu adaidaita sahu da ke karyawa a wurina sun san ba a yi mini surutu a bakin tanda, ka ci ka tashi. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fara leƙowa na shiga makarantar matan aure, kuma da zafin zuciya na shiga, don na gaji da miƙa wa yara waya su karanta mini saƙo. Da hannuna na rubuto wannan, in kun ga gargada a rubutun ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Ina da taubashiya, 'yar ƙanin mahaifiyata, tana aure a Tarauni. Tare muka tashi a ƙauye, kuma kowa ya san wasan ɗan mace da ɗan namiji, ba a fushi, ba a kai ƙara. Ita kuwa Allah ya hore mata baki. Tana gama sallama sai tsiya. Ta ɗaga wainata ta ce da wannan za a yi facin taya, ta ce fuskata kullum kamar hadarin gabas, a kwashe shanya. Duk duniya ita kaɗai ke gaya mini haka, ni kuma in bi ta da ludayi har zaure, mu tsaya muna haki. Ban san wannan gudun shi ne kaɗai wasan da ya rage mini a rayuwa ba.

Ranar wani suna a Unguwa Uku na wuce kai tsaye daga makaranta, jakar littattafai a hammata. A makon nan karatu ya tsaya mini a wuya, malamar da na haifi kamarta ta yi ta gyara mini baƙi ɗaya a gaban aji. Ina shiga taubashiyata ta ɗaga murya ta ce a matsa, 'yar aji ɗaya ta taso, a ba ta alawa, a duba bayanta ko an yi mata bulala yau. Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni kuwa na tsaya a kanta na ce daga yau ba ni ba wasa da ita, ranar da ta sake kuwa zumuncin ya yanke. Na faɗa da irin muryar da nake korar karnuka. Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta ce, “To, Yaya. Allah ya huci zuciyarki.” Tunda muke ba ta taɓa ce mini Yaya ba.

Ta kuwa cika alkawari. Ba ta daina zuwa ba. Ta zo ta russuna, ta tambayi gajiya, ta tambayi kasuwa da karatu, ta ci waina ta ce ta yi daɗi. Wallahi wannan “ta yi daɗi” ta fi zagi ciwo. Na nemi girma, aka ba ni shi har ya yi mini nauyi, shekaru muna a haka.

A nan ne wani abu ya fara samuna. Da la'asar a aji, in rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan benci, sai muryar malama ta yi nisa, in ganni a bakin rafin bayan garinmu bayan an ɗauke ruwa, yashi da sanyi a ƙafa, mu biyu da tuluna, tana turo ni ina turo ta. In gan mu a dandali ana gaɗa, tana sauya baitin waƙa ta cusa ni a ciki, 'yan mata na tafi, ina faɗawa hannunsu suna cafe ni. Ko a hayaƙin tanda haka ne, sai in ji dariyarta a bayana, in waiga, ba kowa sai mai jiran waina. Na gwada neman nishaɗi a wani wurin. Na zauna kallo da 'ya'yana, na je bukukuwa na tsaya kusa da masu kiɗan ƙwarya. Dariyar ba ta wuce maƙogwaro. Sai na gane wasa yana son wanda ba ya tsoronka, ni kuwa na tsorata kowa, har wadda ta rage.

Girman kai ya hana ni zuwa in ba ta haƙuri, har Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Ta fita takaba amma ba ta dawo daidai ba. 'Ya'yanta suka ce wuni take a gindin darbejiyar tsakar gida, ba ta ce wa kowa uffan. Na je na roƙi gafara, ta ce ba komai Yaya, ta yafe tuntuni. Na fito ban gamsu ba, don ba yafiya kaɗai na je nema ba.

Juma'ar da ta biyo na yanke shawarar ni zan tsokane ta. A cikin adaidaita na yi ta maimaita maganar kamar hadda. Ina zama na ce ɗaurin ɗankwalinta kamar ƙullin kayan wanki. Ta dube ni, ta mai da kai. Ban fasa ba. Kowace Juma'a da abin da zan zo da shi, yau shayinta ruwan wanke kofi ne, gobe tafiyarta ta agwagwa ce. 'Ya'yanta suka fara kallona kamar na zautu. Wata rana an yi yayyafi, ganye na ɗiga a kanmu, na gama zubo tawa, sai ta ɗago a hankali ta ce, “Ke dai ba ki iya ba. Tsokanarki lami, kamar miyar masu hawan jini.” Na yi dariya har hawaye, na riƙe ciki. Ita gefen bakinta kawai ya motsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bakin nan bai dawo kamar da ba. Wata Juma'ar ta rama, wata ta yi shiru, ni ce dai ke jan wasan yanzu, da rashin iyawata. Shekarun da ya kamata mu kwashe muna guje-guje a zaure sun tafi, kuma da sun zo mata da amfani ranar da baƙin ciki ya same ta. 'Yan'uwa mata, musamman masu zafi irina, girma ba ya hana wasa, mu ne ke korar masu yi da mu. In kina da wanda har yanzu yake iya duban idonki ya yi miki tsiya, kaka ce, jika ne, ko taubashi, kada ki huce haushin wani wuri a kansa. Minti ɗaya ya isa ki rufe bakin, buɗe shi kuwa ni har yau ina kai.