Wankan Jego a Tsakiyar Bazara

Haihuwar matata ta huɗu ta faɗo a bazara, lokacin da ko inuwar darbejiya ba ta da sanyi. A garinmu, Gude, namiji ba ya sa baki a sha'anin jego, amma itace da kanwa da ƙaurin sa suna wuyansa, kuma da su ake auna shi. Ni tun cikin bai tsufa ba na fara tara itace a bayan ɗaki, har maƙwabta suna tsokanata wai ko gidan burodi zan buɗe. Daɗi nake ji.

Kafin ta haihu ƙafafunta sun kumbura. Da ta je awo, ma'aikaciyar asibiti ta ce jininta ya hau, ta kuma ba ta saƙo zuwa gare ni: idan ta sauka a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi kawai, kada a ba ta kunun kanwa. Matata ta faɗa mini tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce to. Ban kai maganar wurin Inna, mahaifiyata, ba. Na san abin da za ta ce, kuma ba na son a kira ni mijin-ta-ce.

Inna ce ta karɓi wankan. Safe da yamma a tafasa ruwa a rabin ganga, ta tsoma damin ganye tana fyaɗa wa mai jego har fatarta ta yi ja. Daga nan a hura garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai, a kawo kunun kanwa cike da ƙwarya. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa uwarta, don kada sanyi ya shiga ɗanyen jiki.

Bayan suna, wata safiya na dawo daga fadama na tarar da matata ta dafa bangon banɗaki.

Ta ce, “Malam, in na fito daga wankan nan ƙasa juyawa take. Ƙirjina kamar ana daka a ciki.”

Inna ta jiyo daga madafa. “Ji raki! Haihuwa huɗu, yau ne ruwan zafi ya zama baƙonki? 'Yan matan yanzu, jiki kamar takarda.”

Matata ta dube ni, tana jiran in yi magana. Na yi dariya na ce, “Daure mana, saura kaɗan ki cika arba'in.” Na ɗauki gatari na ƙara faskara itace. Wannan dariyar ita ce abin da nake yawan neman gafara a kansa.

Kumburin ya hau har cinya, ya kama fuska. Inna ta ce ai ƙibar jego ce, wanka ya karɓe ta. Sai tari ya zo. Daga baya ba ta iya kwanciya sai a jingine, in ta miƙe bayanta a ƙasa numfashi ya tsaya mata a wuya. Ranar da jaririn ya suɓuce daga hannunta tana ba shi nono, na nemo mota muka tafi asibiti a Gwarzo.

Likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Ya danna ƙaurinta da yatsa, gurbin ya zauna bai ciko ba. Sai ya fito da ni baranda.

“Malam, kana noman rani?”

Na ce ina yi.

“In ka buɗe duk hanyoyin ruwa lokaci guda, ya injin ke yi?”

“Wahala yake sha, Likita. Har ya yi zafi.”

Ya ce to haka jiki yake. Jijiyoyin jini da kansu suke tsukewa su buɗe, gwargwadon inda ake bukatar jini. In zafi ya yi yawa, na fata duk sai su saki, jini ya kwarara can, kai ya rasa, shi ne jirin da take ji. Zuciya kuma dole ta ƙara bugu don ta cike gurbi. Kanwa tana riƙe ruwa a jiki, kayan da zuciya ke turawa su ƙara nauyi. Tata kuwa ciki da hawan jini sun riga sun gajiyar da ita.

“Ba a gaya muku a wurin awo ba?”

Na sunkuyar da kai na ce an gaya mana. Ya juya ya koma ciki.

Ta yi makonni a asibiti, ruwan da ya taru a jikinta ya sauka, muka dawo gida da magunguna. Na hana wanka, na hana kanwa. Inna ta daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. Matata ba ta sake daka ba, ba ta sake goya yaron ba. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta huta a hanya. Ko sau ɗaya ba ta ce mini kai ne ba. Abin da take yawan cewa shi ne, “Malam, ɗaga min matashin nan kaɗan.”

Ta ga damina. Ana fara yankan gero ta rasu, da hantsi, a jingine.

Ranar uku ina zaune a zaure na jiyo mata a cikin gida suna cewa ai wankan ne ba a ƙarasa ba, sanyi ya shige ta. Da jama'a suka ragu Inna ta kira ni ɗakinta. Idonta ya kumbura don kuka, gama tana son yarinyar nan kamar ita ta haife ta.

Ta ce, “Da ka bar ni na cika mata arba'in, da yanzu tana nan.”

Na buɗe baki, na dubi tsufanta, na rufe. Na ce, “Allah Ya jiƙanta, Inna.”

Yaron yana tsala kuka a bayan ƙanwata. Na ɗauki kwano na fita neman madarar shanu.